Yadda ake gyara tasirin ɗaki a kan sautin ogan na kwamfuta a gida

Wanda ya kafa ogan na kwamfuta a gidansa, wato manhajar da take kwaikwayon kayan kiɗan nan mai bututai na coci, ko da Hauptwerk yake aiki ko da GrandOrgue, yakan gamu da abin takaici tun a makon farko. Kundin sautukan ogan na gaske da aka naɗa, wanda ya saurara ta hedifon ya ji shi tsaf, da zarar ya fito ta lasifika sai feda, wato madannan da ake takawa da ƙafa, ta rikice: wata nota ta cika ɗakin har gilashin taga ya kama rawa, ta kusa da ita kuwa, wadda rabin mataki ne kawai tsakaninsu, ta ɓace kamar ba a taka ta ba. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan kundin ko a kan wufa, wato lasifikar sautuka masu kauri, alhali kuwa ɗakin ne yake ƙara wa wasu notoci ƙarfi yana haɗiye wasu. Gyaran dijital yana iya magance wani sashe na wannan matsala, amma sai an san wane sashe ne, domin wanda ya nemi manhaja ta gyara abin da ba ta da iko a kansa zai ƙare da sautin da ya fi na farko muni, wataƙila ma da ƙonanniyar wufa.

Abin da ɗaki yake yi wa sautin ogan

Ana kiran muryoyin ogan, wato jerin bututai masu sauti iri ɗaya, da tsawon buɗaɗɗen bututun da zai ba da notarsu mafi ƙasa. Nota C ta ƙasa a muryar ƙafa 8 tana kaɗawa kimanin sau 65 a daƙiƙa, wato Hz 65.4, a muryar ƙafa 16 tana sauka zuwa Hz 32.7, a ta ƙafa 32 kuma zuwa Hz 16.4. Tun da sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, tsawon zangon wannan nota ta ƙarshe, wato tazarar da sautin yake ci a kaɗawa ɗaya, ya kai mita 21, na C ɗin ƙafa 16 kuma ya haura mita 10. Babban coci yana da filin da irin wannan zango zai miƙe a ciki, ɗakin gida ba shi da shi. Sautin yakan bugi bango ya dawo ya haɗu da kansa, a wasu wurare ya ninku, a wasu kuma ya kashe kansa. Wannan shi ne gunjin ɗaki, kuma ana iya lissafa inda zai faɗo tun kafin a kunna komai: a raba 343 da ninkin tazarar da ke tsakanin bango biyu masu fuskantar juna.

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, da tsayin mita 2.7 daga daɓe zuwa rufi. Tsawon zai yi gunji a Hz 34.3, faɗin a Hz 42.9, tsayin kuma a Hz 63.5, sannan kowannensu ya maimaita a ninki biyu da ninki uku. Idan aka jera waɗannan lambobi kusa da notocin feda na ƙafa 16, za a ga na farko ya zauna kusan daidai a kan C# mai Hz 34.6, na biyu yana dab da F mai Hz 43.7, na uku kuma ya faɗo tsakanin B da C ta sama. Mai irin wannan ɗaki ya riga ya san notocin da za su yi masa ihu.

Ogan ya fi sauran kayan kiɗa tona asirin ɗaki saboda dalilai biyu. Notar ogan ba ta mutuwa matuƙar ana danne da madanni, don haka gunjin yana samun lokacin da zai taru ya kai maƙura, saɓanin bugun ganga ko tsirkiyar gita da suke wucewa kafin ɗakin ya gama amsawa. Na biyu, muryoyin feda irin su Subbass da Bourdon kusan sautin tushe ne zalla, ba su da 'ya'yan sauti masu yawa, wato siraran sautukan da suke rakiyar tushen a sama, da za su rufe giɓin idan tushen ya ɓace. A can ƙasa kuma tazarar rabin mataki ba ta wuce Hz 2 ba, shi ya sa nota ɗaya take faɗawa cikin gunji maƙwabciyarta ta tsira.

Akwai iyakar da wannan hali yake canzawa, wadda ake dangantawa da masanin sauti Manfred Schroeder. A ƙasa da ita gunji ɗaiɗaiku ne suke mulki, a sama da ita kuma sun yi yawa sun cakuɗe har ba a rarrabe su. Ana samun ta ta raba tsawon lokacin amsa-kuwwar ɗakin da girman cikinsa, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, a ninka da 2000. Ɗakin misalinmu yana da girman mita 54 na kubik, idan kuma amsa-kuwwarsa ta kai daƙiƙa 0.4, iyakar za ta faɗo wajen Hz 170. Yawancin aikin da ya cancanci a yi yana ƙasa da nan, ko a ce ƙasa da Hz 250 don a bar rara.

Mataki na farko: wurin zama da wurin lasifika

Kafin a taɓa manhaja, a gyara abin da hannu zai iya gyarawa. Matatar dijital, wadda take rage ko ƙara ƙarfin wani yanki na sauti, tana rage tudu, wato inda sauti ya kumbura, amma ba ta cike ramin da ya samu saboda sauti ya kashe kansa, domin duk ƙarfin da aka ƙara wa sautin da ya fita, haka aka ƙara wa wanda ya dawo ya kashe shi. Maganin rami shi ne a matsar da mai sauraro ko a matsar da lasifika.

Tsakiyar ɗaki ita ce wuri mafi muni ga kan mai kiɗa, domin a nan gunjin farko na tsawo da na faɗi yake yin shiru. A ɗakinmu mai tsawon mita 5, wanda kansa yake mita 2.5 daga bango da ƙyar zai ji C# ɗin nan, alhali wanda yake tsaye a lungu yana jin ta har cikin ƙirjinsa. Akwai wani tarko kuma da ya keɓanta ga masu ogan: bencin ogan ya fi kujera tsawo saboda feda tana ƙarƙashinsa, don haka kunnen mai kiɗa yakan kusanci rabin tsayin ɗakin, daidai inda gunjin daɓe da rufi yake yin shiru. Ba a iya sauke bencin, amma sanin haka yana bayyana dalilin raunin da ake yawan ji a wajen Hz 60 zuwa 65, kuma yana hana mutum ɓata lokaci yana neman cike shi da matata.

Manyan lasifikoki kuma tazararsu da bangon bayansu tana haifar da nata ramin. Sautin da ya koma baya ya dawo yakan kashe na gaba a inda tazarar ta yi daidai da rubu'in zango, wato mita ɗaya daga bango yana ba da rami wajen Hz 86. Ko dai a manna lasifikar kusa da bango sosai don ramin ya hau sama inda labule ko soson sauti zai iya taimakawa, ko kuma a bar wufa ta ɗauki wannan yanki.

Wurin wufa ya fi komai tasiri, kuma akwai tsohuwar dabarar gano shi da ba ta buƙatar ko sisi: a ɗora wufar a kan bencin ogan kusa da tsayin kai gwargwadon iko, a saki sautin gwaji ko a danne notocin feda ɗaya bayan ɗaya, sannan a zaga gefen bango ana saurare a ƙasa, a wuraren da za a iya ajiye ta. Inda notocin suka fi zuwa daidai wa daida, ba inda suka fi ƙara ba, nan ne mazauninta. Wufa biyu a wurare daban-daban sun fi guda ɗaya babba, domin kowace tana cike ramukan 'yar'uwarta. Game da soson da ake mannawa a bango, yana da amfani ga sautuka na tsakiya da na sama, amma kada a sa masa ran zai taɓa Hz 34, inda rubu'in zango kaɗai ya kai mita biyu da rabi.

Mataki na biyu: kayan awo

Ana buƙatar makirufo na awo, ba na waƙa ba. UMIK-1 na kamfanin miniDSP shi ne wanda aka fi amfani da shi, yana shiga ta USB, kuma kowane ɗaya yana da fayil ɗin gyaran awo nasa da ake saukowa da lambar da ke jikinsa. Fayilolin biyu ne, ɗaya na lokacin da makirufo yake fuskantar lasifika, ɗaya na lokacin da yake kallon rufi. Don awon ɗaki da lasifikoki da yawa, a tsayar da shi yana kallon rufi a loda fayil ɗin digiri 90. Manhajar awo ita ce REW ta John Mulcahy, kyauta ce, tana aiki a Windows da macOS da Linux. Sai kuma sandar makirufo mai hannu, domin riƙe shi da hannu ko jingina shi a kan benci yana shigar da girgiza cikin awon.

Akwai manhajoji na kuɗi da suke yin awo da gyara a tare, irin su Dirac Live da SoundID Reference ta Sonarworks, kuma suna aiki. Duk da haka ina ba da shawarar a fara da REW ko da daga baya za a koma kansu, saboda wanda bai taɓa ganin zanen awon sautin ɗakinsa da idonsa ba ba zai gane ba idan manhaja mai sarrafa kanta ta yi kuskure.

Mataki na uku: awon kansa

A rufe manhajar ogan, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a bar ƙofofi da labule yadda suke kasancewa a lokacin kiɗa, domin buɗe ƙofa ɗaya yana iya sauya zanen sautukan ƙasa. A kashe duk wani gyaran sauti da ke kan katin sauti ko amfilifaya. A sa makirufo a daidai inda kan mai kiɗa yake zama, shi kuma ya tashi daga wurin.

REW tana sakin sautin gwaji mai hawa daga ƙasa zuwa sama, hanyar da Angelo Farina ya bayyana a shekarar 2000, wadda take raba ainihin amsar ɗaki da gurɓacewar lasifika. A daidaita ƙarfin ya kai kimanin dB 75 a wurin makirufo, dB kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. A fara da ƙasa da haka idan gwajin zai sauka ƙasa da Hz 20, a sa ido a kan fatar wufa, domin a wannan yanki kunne ba ya jin haɗari sai ido ya gan shi. A auna kowace lasifika ita kaɗai: ta hagu, ta dama, wufa, sannan duk wata da ta rage. Tun da makirufo na USB yana da agogonsa daban da na katin sauti, a kunna zaɓin da REW take sakin wani ɗan siririn sauti daga lasifika guda kafin kowane awo don ya zama ma'aunin lokaci, in ba haka ba ba za a iya kwatanta lokacin isowar sautukan ba.

Awo ɗaya a wuri ɗaya yaudara ne. Mai ogan ba ya zama kamar gunki: yana sunkuyawa wajen madannan sama, yana karkata wajen jan muryoyi, yana gocewa hagu da dama idan feda ta kai ƙarshenta. Don haka a yi awo biyar zuwa tara a kewayen wurin kan, ana matsawa kimanin santimita 20 zuwa 30 gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sannan a sa REW ta fitar da matsakaicinsu. Tudun da ya bayyana a dukkan awon na ɗaki ne kuma ya cancanci gyara. Wanda yake yawo daga wuri zuwa wuri a ƙyale shi.

Wajen karanta zanen, kada a lallashe layin, wato a sa manhaja ta goge ƙananan hawa da saukarsa, a sautukan ƙasa, a bar shi da duk ƙayoyinsa ko a yi amfani da lallashi mafi ƙanƙanta, saboda tudun da faɗinsa Hz 4 ne zai ɓace idan aka goge shi da yawa. A sama da Hz 300 kuwa a lallashe shi zuwa kashi ɗaya cikin shida na oktaf, wato tazarar da yawan kaɗawa yake ninkawa a cikinta, domin ƙananan ramukan da ke can, waɗanda yawancinsu daga allon ɗora takardar kiɗa da fuskar kwamfuta da saman teburin ogan suke, kunne ba ya jin su yadda ido yake ganin su. A duba kuma zanen da yake nuna mutuwar sauti cikin lokaci. Gunji na gaskiya yana fitowa a can kamar doguwar wutsiya da ta ƙi sauka bayan sauran sun yi shiru, kuma ya kamata lambarsa ta yi kusa da wadda aka lissafa tun farko.

Mataki na huɗu: haɗa wufa da manyan lasifikoki

Wannan yana zuwa kafin matata. A zaɓi mararraba, inda manyan lasifikoki za su saki aiki wufa ta karɓa. Hz 80 shi ne abin da aka saba, kuma ya dace da ogan, domin yana sauke wa manyan nauyin feda, sautin madannan hannu ya fito da tsabta. A auna wufa da lasifika ɗaya tare. Idan rami ya bayyana a daidai mararraba, sautukan biyu ba sa isowa tare, sai a juya fuskar wutar wufa, wato a musanya + da − nata, a sake aunawa, sannan a riƙa ƙara jinkiri kaɗan-kaɗan har yankin ya cika. Kowace milisakan ɗaya daidai take da tafiyar santimita 34. Sau da yawa wufa ce take makara saboda na'urar sarrafa sauti da ke cikinta, don haka manyan ne za a jinkirta, ba ita ba. Mai wufa biyu ko fiye zai amfana da manhajar MSO, wadda take lissafa jinkiri da ƙarfin kowace daga awon REW.

Mataki na biyar: layin manufa da matatai

Layin manufa shi ne siffar da ake so amsar ta ɗauka bayan gyara. Miƙaƙƙen layi ɗoɗar daga ƙasa har sama ba ya daɗin ji a ɗaki, yana sa sautin ya bushe ya yi kaifi. Lasifika mai kyau a ɗaki na al'ada tana ba da layi mai gangarowa a hankali zuwa sama, kusan dB ɗaya a kowace oktaf, kuma wannan gangara ita ce kunne yake ɗauka a matsayin daidai. Ga ogan abin ya ƙara muhimmanci, domin muryoyin gauraye da na harshen ƙarfe suna da kaifinsu tun asali, idan aka ɗaga sama sai su zama azaba. A ƙasa kuma, tun daga binciken Fletcher da Munson na 1933 an san kunne yana rasa sautuka masu kauri idan ƙarfi ya ragu, mai kiɗa a gida kuwa ba ya kai ƙarfin coci, don haka ɗaga layin da dB 3 ko 4 a ƙasa da Hz 100 yana da hujja. Fiye da haka, a ganina, ya zama sautin gidan silima.

A buɗe sashen matata na REW, a taƙaita iyakar gyara daga ƙarshen ƙarfin wufa zuwa Hz 250, a sa iyakar ƙari a kan sifili, a sauke layin manufa har ya bi ta ƙasan yawancin zanen, sannan a bar manhajar ta ba da shawara. Kowace matata tana da lambobi uku: inda take, yawan abin da take ragewa, da kunkuntarta, wadda ake kira Q. Ana iya kimanta faɗin gunji ta raba 2.2 da lokacin mutuwarsa, don haka gunjin da yake ɗaukar rabin daƙiƙa faɗinsa kimanin Hz 4.4 ne, a Hz 34 kuma wannan yana nufin Q na wajen 8. Idan matata ta dace da gunji a wuri da faɗi, ba tsayin tudun kaɗai take ragewa ba, har da wutsiyarsa, sai a ji notocin feda suna tsayawa a inda aka sake su maimakon su riƙa shiga cikin juna.

Kada a karɓi duk abin da manhajar ta kawo. Matatai huɗu zuwa takwas sun isa yawancin ɗakuna, kuma duk wadda take rage dB ɗaya ko biyu a wuri ƙunci a goge ta. Batun ƙari kuwa, a tuna lissafinsa: dB 3 yana neman ninkin ƙarfin amfilifaya, dB 6 ninki huɗu, dB 10 ninki goma. Haka kuma duk saukar oktaf ɗaya tana neman fatar wufa ta yi tafiya ninki huɗu don ta ba da ƙarfi iri ɗaya. A kiɗan da nota take wucewa nan take, wufa tana iya jure wannan na ɗan lokaci. A ogan, inda ake danne C ta ƙafa 32 na daƙiƙa goma a ƙarshen waƙa, ba ta da lokacin hucewa. Idan wufar mai ramin fitar iska ce a jikin akwatinta, a ƙasa da inda aka daidaita ramin nata fatar tana rasa iskar da take tare ta, don haka dole a sa matata mai yanke duk abin da ke ƙasa da wannan wuri. Wufar da aka daidaita a Hz 25 ba za ta ba da Hz 16 ba ko da wace manhaja aka bi, gara a bar 'ya'yan sautin bututun su isar da saƙon.

A sama da iyakar Schroeder, in har za a taɓa, a yi da matata mai faɗi da sauƙi, iri ɗaya a hagu da dama, don gyara halin lasifikar kanta kawai. Kundin da aka naɗa da amsa-kuwwar cocinsa yana dogara da daidaiton hagu da dama wajen nuna faɗin ginin, kuma gyara daban-daban a ɓangarorin biyu yana rusa wannan.

Mataki na shida: inda matatai za su zauna

A nan masu ogan suka bambanta da masu sauraron faifai, domin mai faifai bai damu ba ko sautin ya makara da rabin daƙiƙa, mai kiɗa kuwa yatsunsa suna jira. Matatai iri biyu ne. Nau'in IIR, wato waɗanda aka bayyana a sama, kusan ba sa ƙara jinkiri. Nau'in FIR yana iya gyara lokacin isowar sautuka, amma idan aka gina shi ta hanyar da take daidaita lokaci gaba ɗaya, yana jinkirta sauti da rabin tsawonsa. Matata mai tsawon maki 65,536, a inda ake sarrafa maki 48,000 a daƙiƙa, tana jinkirta sauti da daƙiƙa 0.68, abin da ba ya kaɗuwa. Idan aka gajarta ta zuwa maki 8,192 jinkirin ya sauka zuwa milisakan 85, wanda har yanzu ya yi yawa, kuma ba ta iya rarrabe abin da bai kai kusan Hz 6 ba, alhali notocin da ake son rarrabewa Hz 2 ne tsakaninsu. A kwatanta da ma'ajin katin sauti mai maki 256, wanda jinkirinsa milisakan 5.3 ne kacal. Saboda haka IIR ne ya dace da ogan, ko FIR da aka gina a yanayin mafi ƙarancin jinkiri. Duk manhajar kuɗi da aka zaɓa, a nemi wannan yanayi a cikinta.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce akwatin sarrafa sauti na waje, kamar miniDSP 2x4 HD, a tsakanin katin sauti da amfilifaya. REW tana fitar da lambobin a tsarin da akwatin yake karɓa, ba ya cin ƙarfin kwamfuta, kuma kariyar wufa tana nan ko da manhaja ta faɗi. Wasu katunan sauti suna da matatai a cikinsu, sai a shigar da lambobin da hannu. Hanya ta uku ita ce a bi da sautin ogan ta manhajar haɗa kiɗa irin Reaper, a ɗora matatai a kan kowace hanya. A Linux akwai CamillaDSP. Masu Windows su lura cewa manhajar matatai ta Equalizer APO, duk da kyawunta, ba ta taɓa sautin da ya bi ta ASIO, wanda shi ne hanyar da ogan yake bi don guje wa jinkiri, don haka mutum zai iya ɗora matatansa a can ya zauna yana yaba gyaran da bai taɓa faruwa ba.

Wanda ya rarraba jerin bututai a kan lasifikoki shida ko takwas, don notoci su haɗu a iska maimakon su cunkushe a lasifika ɗaya, aikinsa bai ninku yadda yake tsoro ba. Idan aka tattara sautukan ƙasa na dukkan hanyoyin aka tura wa wufa, yawancin gyaran yana zaune a wuri guda. Abin da ya rage shi ne a daidaita ƙarfin kowace lasifika da 'yar'uwarta a wurin kai, a gyara jinkirin waɗanda suka fi kusa, a rage duk wani kumburi tsakanin Hz 80 da 250. Lasifikokin baya masu ɗauke da amsa-kuwwa ƙarfinsu kawai za a daidaita.

Mataki na bakwai: tabbatarwa

A sake awo da matatai a kunne, a wuraren da aka auna da farko, domin hasashen REW ba awo ba ne. Sannan a buɗe ogan, a ja Subbass na ƙafa 16 shi kaɗai, a hau feda rabin mataki bayan rabin mataki, ana riƙe kowace nota daƙiƙa uku ko huɗu. Duk notar da har yanzu ta fita daban a saurare ta ta hedifon. Idan a can ma ta fita daban, halin bututun ne na asali, domin bututan gaske ba su taɓa zama daidai wa daida ba. Idan a hedifon lafiya take, a koma kan zanen. Wajen kwatanta sauti mai gyara da marar gyara a daidaita ƙarfinsu tukuna, saboda ragewa tana sa sautin ya yi ƙasa, kunne kuma yakan zaɓi wanda ya fi ƙara. Kwanakin farko fedar za ta yi kamar ta rame ga wanda ya saba da gunji, a ba ta mako guda kafin a yanke hukunci. Daga nan a ja dukkan muryoyi a danna cikakken haɗi da feda a ƙasa, a duba ko wata hanya tana kaiwa ja, wato tana wuce iyakar ƙarfinta. Karkarwar taga ko ƙofar kabad da za a ji a nan aikin roba da sukurdireba ne.

Hauptwerk a babban nau'insa, da GrandOrgue, suna ba da damar gyara ƙarfin kowane bututu shi kaɗai, kuma mutane da yawa sukan yi amfani da wannan wajen yaƙi da ɗaki. Kuskure ne a fara da shi. Ɗakin yana kumbura wuri ɗaya ne tak, rage bututu kuwa yana rage tushensa da dukkan 'ya'yan sautinsa, sai notar ta daina gunji amma ta rasa launinta. Gunjin Hz 65 yana kama C ta ƙafa 8, yana kama C ta biyu a ƙafa 16, yana kuma kama ɗan sauti na biyu na C ta ƙasa, don haka sai an bi jeri bayan jeri a kowane kundi. Ƙari a kan haka, tsofaffin ogan da yawa ba a kan A mai Hz 440 aka daidaita su ba, wasu suna wajen 415 wasu wajen 465, wato notar da take faɗawa cikin gunji tana sauyawa daga wannan kundi zuwa wancan, alhali matata ɗaya a Hz 34.3 tana kama ta ko wane suna take ɗauke da shi. Gyaran bututu kuma yana bin sautin har cikin hedifon da cikin duk abin da aka naɗa daga manhajar, inda babu ɗakin da ake gyarawa. Wurinsa yana bayan an gama da ɗaki, don 'yan notocin da suka rage da kuma daidaita muryoyi da juna.

A adana fayilolin awo da lambobin matatai tare da tazarar kowace lasifika daga bango, a sa alama a daɓe inda wufa take zaune. Idan aka matsar da teburin ogan, ko aka shigo da babban kabad, ko wufa ta goce da rabin mita wajen shara, sai a koma mataki na uku a sake awo kafin a taɓa ko matata ɗaya.